Layi Huɗu a Bangon Sel

Ranar Talata da safe aka tarar an kankare bangon sel na tsohon caji ofis. Ba duka bangon ba. Wani gurbi ne kamar faɗin faranti, can ƙasa a kusurwa, gindin taga, an kankare shi har jan bulo ya fito.

Wanda bai san wurin ba zai ce mene ne abin tashin hankali a bango. To bangon nan shi ne darajar ginin gaba ɗaya. Shekara saba'in ana zuba mutane a ɗakin, duk wanda ya samu ƙusa ko gindin cokali sai ya rubuta abin da ke cinsa: suna, kwanan wata, zagi, roƙon Allah, wani ma zanen hannun 'yarsa. Da 'yan sanda suka koma sabon gini, aka bar wa jemagu wannan shekara goma sha biyu. Sai Ɗan Kwangila ya fito da takarda zai rushe ya yi shaguna. Tsohon Hedimasta kuma ya tara kwamiti, suka ce sam, tarihi ne. Ranar Alhamis da azahar mutanen hukumar kayan tarihi za su zo su duba bangon, su ce a bari ko a rushe.

Kafin rana ta take, unguwa ta gama shari'a. Rabi suka ce Mai Gadin ginin ne, Ɗan Kwangila ya saye shi. Rabi suka ce ba aikin mutum ba ne. Hedimasta ya karɓe makullai, ya ce in Alhamis ta yi ba a samu wani ba, shi da hannunsa zai miƙa Mai Gadi ga 'yan sanda a gaban baƙin, iyalinsa kuma su kwashe kayansu daga ɗakin baya.

Matar Mai Gadi ba ta tsaya kuka ba. Ta yafa mayafi ta nufi gidan wanta.

Wan nata shi ake kira Mai Sawu. Da ƙuruciya shi 'yan sanda ke ɗauka in an fasa shago ko an kore shanu, ya bi ƙafar ɓarawo daga bakin ƙofa har gindin gadonsa. Yanzu ya haura sittin, awaki yake kiwo. Ta same shi tsugune yana yanke wa akuya kofato.

"Yaya, za su ɗaure min miji."

"Tun ranar da kika kawo shi na ce miki wannan barci zai kashe shi."

"Barci ai ba ɓarna ba ne. Kuma ba barci ya yi ba. Asibiti ya kai ni jiya da la'asar, ana ruwan nan. Ya hana ni faɗa, wai barin wurin aiki ma laifi ne."

"To ya zaɓi babban laifi a kan ƙarami. Mijinki ke nan."

"Na san ka ce ba ka ƙara taka caji ofis ɗin nan. Amma in suka kore mu, nan zan dawo da yara shida, kai da awakinka ku san inda za ku kwana."

Ya saki akuyar. Ya daɗe yana goge wuƙar a gwiwarsa, sannan ya ce ta wuce yana zuwa.

Shekara talatin rabonsa da ƙofar. Ba abin da ya canza sai wari. Da warin fitsari ne da taba, yanzu na kashin jemage ne da ruɓaɓɓen katako. Ginin dutse ne, bangonsa ya kai kamu biyu kauri, ana zafi a waje amma yana shiga sanyi ya kama masa idon sawu. Ga doguwar kantar katako nan a inda take, gefenta ya yi baƙi ya yi santsi saboda tafukan mutanen da suka dafa ta suna rantsuwa.

Mai Gadi na rakuɓe a bakin ƙofa, ido ya yi ja.

"Yaya, wallahi..."

"Riƙe rantsuwarka, za ka buƙace ta jibi. Su wa suka shiga?"

"Nan gaban kanta kowa ya shiga. Lungun sel kuwa Malama mai kwafe rubutun bangon kaɗai, ita ta gani. Sauran da suka leƙa suka ga ƙafar, ba wanda ya iya ɗaga tasa."

Ruwa ya wanke waje, jama'a sun tattake gaban kanta. Amma daga kanta zuwa sel akwai siririn lungu mai taku goma sha biyar, farar ƙasar silin ta yi shekaru tana zuba a kai, ta kwanta lif. Mai Sawu ya tsuguna a bakinsa, ya kwantar da kai yana duba ta gefen haske.

A tsakiya ga takalmin mace, shiga da fita, na kwanaki da yawa a kan juna. A gefen hagu kuwa, manne da bango, ƙafa ce tsirara. Babu inda ta fito. Daidai ƙarshen kanta ta fara, kamar mai ita daga sama ya sauko. Ta tafi a hankali, taku gajeru, nauyin duk a bayan ƙafa ta waje, tsakiyar tafin ba ya taɓa ƙasa sosai. A bango kuma, daidai kafaɗa, wani dogon layi inda riga ta goge farar ƙasa tun daga farko har ƙarshe.

A bakin sel ne gashin jikinsa ya tashi. Ƙofar ƙarfen ta daɗe da cirewa, tana jingine a tsakar gida, wurin a buɗe yake wayam. Amma ƙafar ba ta shiga kai tsaye ba. Ta juya ta fuskanci bango, ƙafa biyu a haɗe, ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, har yatsun suka nutse.

"Ka gani ko?" in ji Mai Gadi daga nesa, da ƙaramar murya. "Suka ce waɗanda suka mutu a ciki ne suka fara dawowa ɗaukar sunayensu."

"Mataccen da ke zufa a tafin ƙafa ban taɓa bin sa ba."

Ya faɗa ne don ya ji muryarsa. Wani abu na ɗiga can cikin silin, ɗis, ɗis, kuma ba a ruwa.

Malama, wadda kwamiti ya ɗauka ta kwafe rubutun bangon cikin littafi, 'yar Tela ce na bakin kasuwa, shekararta ashirin da tara. Ta zo da littafin rungume a ƙirji.

"Daga bakin ƙofa na fara, Baba, ina bin dama. Kwana goma sha tara. Jiya na tsaya kamu ɗaya kafin wurin."

"Kin karanta abin da ke wurin?"

"A'a. Na hana kaina tsallake, don kada in rikice. Na dai ga layi huɗu ne, ƙanana, kuma a karkace, kamar mai rubutun a kwance yake."

"Wa ya san inda kika tsaya?"

"Hedimasta. Sai gida. Kullum da yamma nakan karanta wa babana abin da na kwafa. Shi ne ma ya fi kowa son a bar ginin, shi ya ɗinka wa kwamiti tuta kyauta."

Ɗan Kwangila bai ɓata masa lokaci ba. A ofishinsa ya same shi, ƙato, fanka biyu na kaɗa masa.

"Ni? Faranti ɗaya? Baba, ina da katafila a bayan nan. Ran da zan taɓa bangon nan, ba za ka zo kana tsugune kana neman wurin ba."

Mai Sawu ya dubi ƙafarsa a ƙarƙashin tebur. Ƙafa ce kamar bulo, shimfiɗaɗɗiya. Ya miƙe.

"Shi ke nan? Ba tambaya?"

"Ƙafarka ta amsa. Ta fi ka ladabi."

Saura mutum ɗaya da unguwa ke raɗa a kansa: tsohon Sajan, wanda ya riƙe kantar nan shekara ashirin, wanda kashi ɗaya cikin uku na zagin bangon nasa ne da na mahaifiyarsa. Ranar Laraba da hantsi ya same shi a kujerar roba a ƙofar gida, ƙafar hagu ta kumbura an naɗe ta da bandeji.

"A'a, karen farautarmu. Kana nan da rai?"

"Ina nan, Sajan. An ce ka je ka goge zaginka."

Sajan ya yi dariya har ya sarƙe. "In goge? Ni da nake so jikokina su je su gani, su san kakansu ba rago ba ne. Kuma da wace ƙafar?"

Mai Sawu ya zauna a dakali ya kwatanta masa abin da ya gani: ƙafa tsirara daga ƙarshen kanta, kafaɗa a bango, tsayuwa a bakin ƙofar da babu. Yana magana dariyar Sajan tana janyewa.

"Ka duba ƙarƙashin kanta? Can ƙarshe, gefen hagu?"

"Me ke can?"

"Kai ta ƙofar baya kake shiga, shi ya sa. Dokata ce. Duk wanda zai wuce bayan kanta, ya cire takalmi ya jera su a nan, baki na kallon bango. Ya bi hagu, kafaɗa a bango, tsakiya ta masu kaki ce. In ya kai ƙofa ya juya wa bango fuska, ya jira a buɗe. Wanda ya manta, sau ɗaya yake mantawa." Ya shafa bandejin. "Tafiyar bayan ƙafa kuma, ka san me ke kawo ta. Kana tsakar gida kana ji ai."

"Ina ji."

"Kana ji kuma kana shiru. Kamar ran makanikin nan. Aka nuna maka sawun da aka samu a siton yadin da aka fasa, aka nuna maka ƙafarsa, na ce ita ce ko? Ka dubi ƙasa. Shirunka na rubuta a matsayin i. Kwana huɗu ya yi ya mutu." Sajan ya kalle shi da jajayen idanu. "Kada ka zo min nan da fuskar malamai. Tare muka yi."

Ba ƙarya a ciki. Ranar da makanikin ya mutu ce Mai Sawu ya fita daga ginin, bai sake komawa ba sai jiya.

Ya koma caji ofis, ya kwanta ruf da ciki a gindin kanta. Ga su nan inda ƙafar jama'a ba ta kai ba: shatin takalma biyu a jere, tsaf, baki na kallon bango. Mutumin ya shigo ba kowa a ginin, ba Sajan, ba bulala, ba ƙofa, ya zo yin ɓarna a ɓoye, amma ya cire takalmi ya jira izini. Mai Sawu ya daɗe a kwance a wurin, sanyin siminti na shiga ƙirjinsa.

Waɗanda suka taɓa kwana bayan kantar nan a unguwar sun fi ɗari. Amma wanda ya san ranar Talata Malama za ta kai kusurwar, mutum biyu ne, kuma Hedimasta ko ƙarar kaza ba a taɓa kai shi ba.

Ya yage aljihun rigarsa da hannu, ya tafi bakin kasuwa.

Tela ɗan siriri ne mai furfura, ba ya ɗaga murya, shekara talatin ba wanda ya taɓa jin ya yi faɗa da kowa. Ya karɓi rigar ya hau keke. Ƙafarsa tsirara a kan mataki, ƙasan shagon duk garin alli. Da ya tashi ɗauko zare, ya bar taku uku. Mai Sawu ya dube su sau ɗaya ya kau da kai.

Keken ya yi ta ƙara. Sai ya tsaya.

"Aljihun nan da hannu aka yage shi," in ji Tela, bai ɗago ba.

"Da hannu."

"Na san za su kira ka. Na ce ƙila ido ya tsufa."

"Ya tsufa. Ƙafarka ce ba ta canza ba. Me ke jikin bangon?"

Tela ya cije zaren. "Makanikin nan da ya mutu. Ka san wane ne?"

"Na san ƙafarsa."

"Wan matata ne. Kawun yarinyar nan, tana ciki lokacin. Ni aka fara kamawa kan kayan siton, don an ga yadin a shagona, saye na yi. Kwana uku suna dukan tafin ƙafata, suna cewa in faɗi suna. Sunan da ya zo bakina ke nan. Aka kawo shi, aka kwantar da shi kusa da ni. Bai taɓa sanin ni ne ba. Ruwansa ma yake ba ni." Ya ninke rigar, ya sake warwarewa. "Uwarta har gobe cewa take wanta ya ja musu abin kunya. Ni kuma ina zaune ina ji."

"Ka yi ta goyon bayan a bar ginin."

"Na zaci an shafe da fenti tuntuni. Kuma ina so a bar shi. In aka rushe, shi ke nan kamar ba a yi ba. Sai ga ta kullum tana karanto min, tana matsowa, kamu ɗaya, kamu ɗaya."

"Gobe da azahar za a miƙa mijin ƙanwata. Ka san abin da shiga bayan kanta yake."

Tela ya miƙa masa rigar.

"Sau ɗaya na yi shiru aka tafi da wanda bai yi ba," in ji Mai Sawu. "Ba zan yi na biyu ba. Ko ka faɗa ko in faɗa. Na bar maka zaɓin, iyakar abin da zan iya ke nan."

Ranar Alhamis, awa ɗaya kafin baƙi, Mai Sawu ya sa Hedimasta ya tara su a gaban kanta: Ɗan Kwangila yana duba agogo, Sajan da aka kawo a mota yana dogara sanda, Mai Gadi da matarsa, Malama da littafinta, 'yan kwamiti huɗu. Tela ya zo a ƙarshe, cikin farar riga mai guga, ya tsaya bayan 'yarsa. Hadari ya haɗu, ɗakin ya yi duhu kamar magariba, jemagu na motsi a sama.

"Ba ni da dogon bayani," in ji Mai Sawu. "Ba aljani ba ne. Ba Mai Gadi ba ne, wannan ko a gidansa ba ya jera takalmi. Kowa ya wuce cikin sel, ɗaya bayan ɗaya, in nuna muku a can."

Hedimasta ya wuce ta tsakiya. Ɗan Kwangila ya bi shi yana toshe hanci. Sajan ya ja ƙafarsa ta tsakiya, sanda na buga siminti, ƙwas, ƙwas, ƙarar na dawowa daga ƙarshen lungun. Sauran suka bi. Malama ta kai rabi ta waiwaya.

"Baba, taho mana."

Tela na tsaye a ƙarshen kanta. Ya ɗaga ƙafa zai wuce, ƙafar ta ƙi. Ya sake gwadawa. Kowa na kallo, ba wanda ya gane sai mutum biyu. Can ya sunkuya, ya cire takalman, ya jera su. Ya sa kafaɗa a bango, farar rigar na gogar farar ƙasa, ya taho taku gajeru a kan tsohon sawunsa, ƙafa na faɗawa cikin ƙafa. A bakin ƙofar da babu, ya juya wa bango fuska ya tsaya.

Sajan ne ya buɗe baki, muryar ba irin ta da ba.

"Shiga."

Ya shiga. Ya je kusurwar ya zauna a ƙasa kusa da jan bulon.

"Ni ne, Hedimasta. A ba mutumin nan makullansa."

"Kai? Kai da ka ɗinka mana tuta? Don me?"

Tela bai dube shi ba. 'Yarsa ya duba, ya faɗi abin da ya faru, a taƙaice, yadda ya faɗa a shago, bai rage ba bai yi wa kansa ado ba. Da ya kai wurin ruwan sha, matar Mai Gadi ta rufe baki da mayafi.

Ɗan Kwangila ya gyara murya. "To kun gani. Wannan ne tarihin naku? Wurin da ya kamata a..." Ya ga yadda ake kallonsa, ya haɗiye sauran.

Malama ba ta yi kuka ba. Fuskarta ta bushe ƙam. Ta daɗe tana kallon mahaifinta kamar yau ta fara ganinsa, har Mai Sawu ya fara tunanin za ta jefar da littafin ta fita. Sai ta durƙusa, ta buɗe shi a gwiwa, ta cire murfin biro da haƙori.

"Layi huɗu ne. Faɗa min yadda suke, Baba. Kada ka gyara."

Ya rufe ido. "Ni na faɗi sunan yayan matata. Ƙarya na yi. Bai ɗauki komai ba. Wanda ya karanta ya gaya wa ƙanwarsa."

Ta rubuta, ta karanta masa ya ce haka ne.

"Shekara goma sha takwas mutane na kwana a nan suna karantawa," in ji ta, "ba wanda ya gaya mata."

"Babu."

"To ni na karanta."

Hedimasta ya matso yana murza hula. "Baƙin nan fa sun kusa. Ko a samu ɗan siminti a shafe wurin, kada su ga..."

"A bar shi yadda yake," in ji Malama. "Su gani, su tambaya." Ta juya shafi, ta ɗago ta dubi Mai Sawu. "An ce ba a tsare mutum a nan sai mai bin sawu ya duba ƙafarsa. Wa ya duba ta kawuna?"

Sajan ya kau da kai wajen taga. Ƙanwar Mai Sawu na kallonsa. Yana iya cewa ya manta, ba mai ƙaryata shi.

"Ni ne."

"To zauna, Baba. Akwai sauran shafi."

Ya tattare riga ya zauna a simintin, kafaɗarsa kusa da ta Tela. A waje mota ta yi hon sau biyu. Ba wanda ya motsa. Hedimasta ya laluba aljihu ya zaro makullan, ya miƙa, Mai Gadi ya karɓa da hannu biyu ya tafi buɗe musu ƙofa.